Ɗan Mai Kalangu A Gaban Allo

Ni ɗan makaɗi ne. Na daɗe ban iya faɗin wannan magana a gaban mutane ba, shi ya sa yau na fara da ita. Mahaifina kalangu yake kaɗa wa mahauta a cikin birnin Katsina, kuma gado ya yi, don kakana ma da shi ya ci abinci. Abin da kunnena ya fara sani a duniya shi ne ƙarar tsarkiya da asuba, Baba yana gwada fata kafin ya nufi kwata. Kowane babban mahauci da takenshi. Mutum yana tsakiyar fiɗa, hannu duk jini, da ya ji an saki nashi sai ya ɗago kai ya yi kirari, ya yanko tsoka ya jefa a buhun Baba. Da irin wannan tsoka aka yi mana miya, da kuɗinta aka saya mani littafin rubutu na farko.

A makaranta kuwa ita ce ta zame mani abin gori. Yaro ya ɗauko marfin kwalba ya manna mani a goshi ya ce liƙi ya yi mani, aji ya fashe da dariya. Tun ina shekara 10 na daina taɓa kalangu. Duk takardar da aka ba ni aka ce in rubuta sana'ar uba, manomi nake rubutawa, tunda muna da 'yar gona a hanyar Batagarawa, kun ga ban yi ƙarya ba ke nan. Ina sakandare a 1999 Alhaji Mamman Shata ya rasu. Baba ya ajiye komai ya tafi Daura jana'iza, ya dawo kwana biyu ba ya magana. Ga mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, kuma da kalangu ya kai can, irin wanda ke rataye a ɗakin Baba. Amma ko a lokacin na lura da wani abu: Bahaushe yana son kiɗa, makaɗin ne ba ya so. Na ƙara tabbatarwa bayan shekaru, da na nemi aure a wani gida aka aiko mana da haƙuri cikin ladabi, wai ba su haɗa iri da maroƙa.

Na yi NCE a fannin Hausa, aka tura ni wata sakandare a gefen gari. Ina cikin lallaɓa aikina sai sabuwar manhaja ta iso, wadda ta haɗe zane da wasan kwaikwayo da kiɗa da waƙa a darasi guda na ƙaramar sakandare, wanda kowa ke kira CCA. Mai koyar da zane ya ce shi fenti ya sani. Shugaban makaranta ya kira ni ofis.

"Malam, kai da kake koyar da waƙoƙin baka a darasin Hausa, ai kai ne kusa. Ka riƙe mana ɓangaren kiɗa."

Gabana ya faɗi, na ɗauka wani ya tsegunta mashi. Ashe bai san komai ba. Na ce, "To, ranka ya daɗe," na karɓi littafin na fito.

Shekara biyu na yi ina aikin da har yau nake jin kunyarshi. In shiga aji mai yara 70 da ɗoriya, in ja layuka 5 a allo, in nuna masu gurabe 4 da ke tsakani, in rubuta haruffa daga A zuwa G. Farin ƙwai bugu 4, farin ƙwai mai sanda bugu 2, baƙi mai sanda bugu 1. Su kwafa, in duba, in sa jan biro. Yarana sun haddace cewa an haifi Mozart, shahararren makaɗin Turai, a 1756 ya mutu a 1791, amma ba wanda ya taɓa jin kiɗanshi ko na minti ɗaya, har da ni malaminsu. Minti 40 na darasin kiɗa, ba abin da ake ji sai ƙarar alli. Kuma suna cin jarrabawa, abin da ya sa ba wanda ya taɓa tambayata.

Ba a darasin kiɗa abin ya warware ba, a darasin Hausa ne. Ina koya wa 'yan babban aji karin sauti, na rubuta kuka da kuka a allo, na ce ɗaya na ido ne, ɗaya ta miya. Kowa ya san bambancin idan yana magana, amma da na ce su faɗa mani wace gaɓa ce ta hau wacce ta sauka, sai ido. Na maimaita har muryata ta dushe. Can, ban san lokacin da na matse hannun hagu a haƙarƙari ba, na lanƙwasa yatsan dama, na yi kalmomin da baki yadda Baba yake yi mana muna yara idan ya ƙi ɗauko ganga. Ajin ya yi tsit. Wani dogon yaro a baya, ɗan gidan mahauta, ya ce, "Malam, wallahi kamar kalangu. Ina ka iya?"

Na ce ya zauna.

Da daddare na je gida. Baba yana zaure a kan buzu, rediyo a kusa da kunne.

"Baba, aron kalangu na zo."

"Wa za ka kai wa?"

"Makaranta zan tafi da shi."

Ya rage muryar rediyo ya daɗe yana kallona. "Abin dariya suka rasa?"

Ban da amsa. Ya tashi ya shiga ciki ya fito da tsohon, wanda ya daina fita da shi, ya gwada shi sau biyu ya miƙo mani. Na naɗe shi a buhu na ɗaure bayan mashin kamar mai fasa-ƙwauri.

Duk wanda ya san kalangu ya san sirrinshi bai wuce hammata ba. Fata biyu ce, ɗaya kowane baki, tsarkiya ta haɗa su. Ka matse tsarkiya, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ka sassauta, ta sauka. Hausa kuwa a kan hawa da sauka take tafiya, shi ya sa kalangu yake iya magana. Na kaɗa masu wuya na jiki, sama sannan ƙasa. Na kaɗa wuya ta wahala, ƙasa sannan sama. Na juya masu baya na kaɗa, su faɗi wacce ce. Kafin a buga ƙararrawa, yaran da suka yi mako biyu suna kallona sun fara kawo nasu kalmomin: fari na launi da fari na rashin ruwa, baba uba da baba na rini. An ce gani ya kori ji. A ajin nan ran nan ji ne ya kori gani. Hannuna kuwa, da ya yi shekara kusan 20 bai riƙe makaɗi ba, bai manta komai ba, abin da ya ba ni tsoro fiye da yadda ya ba ni daɗi.

Washegari duk makaranta ta san ko ni ɗan wane ne. Ba abin da ya faru. Malamai biyu sun yi 'yar tsokana a ɗakin malamai, shi ke nan. Abin da na yi shekaru ina ɓoyo bai kai kwana uku a bakin mutane ba.

Daga nan na fara kai wa Baba littafin CCA ina fassara mashi. Akwai babin da ya kasa kayan kiɗa gida 4, rabon da wasu masana biyu suka yi a Jamus a 1914: na fata, na tsarkiya, na busa, da waɗanda jikinsu ne ke yin amon, kamar kuge da caki. Baba ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Wato tambari da kalanguna ɗaki guda aka sa su?"

"E, Baba, duk fata ce."

"Wanda ya rubuta wannan bai taɓa tsayawa Ƙofar Soro ranar hawa ba."

Sai ya jero mani nashi rabon, wanda ba a rubuta a littafin ba. A wurinshi ba a tambayar da me aka yi abu, tambayar ita ce na wane ne. Tambari na sarki ne, ba a buga shi don nishaɗi, kuma ba kowa ke ɗora mashi hannu ba. Kakaki ma haka, ba a busa wa talaka komai kuɗinshi. Kotso da taushi da jauje na mawaƙan fada ne, shi ya sa Katsina take da Sarkin Taushi. Kalangu na mahauta ne tun asali, kafin 'yan dambe da masu biki su ja shi. Dundufa ta maƙera. Gangar noma ta manoma, ranar gayya. Garaya ta maharba ce, ko da yake ita da goge an san su a wajen 'yan bori, kuma rabin baƙin jinin da kiɗa ya yi a ƙasar nan daga can ya samo shi. Ƙwarya da shantu na mata ne, a cikin gida. Ya ce makaɗin da bai san wannan ba zai iya jawo wa kanshi duka a gari, ko da hannunshi ya fi na kowa zaƙi.

Na raba allo biyu, rabon littafi a hagu, rabon Baba a dama. Ban ce wa yara ɗaya ya fi ɗaya ba, don ni kaina ban ga haka ba. Na hagu yana gaya maka yadda amo ke fita, kuma da shi za ka ɗauki goge ka ajiye kusa da abin kiɗan Turawa mai baka da tsarkiya ka ga 'yan uwa ne. Na dama yana gaya maka yadda garinku yake a tsare, wa ke sama, wa ke ƙasa, wace sana'a ce ke da murya. Wata yarinya ta tambaye ni me ya sa malamai ba su da ganga. Na ce ta tambayi kakanta ta kawo mana amsa. Ta dawo ta ce ya ce malami alƙalami ne gangarshi, kuma ta daina yi mashi tambayar banza.

Ba a daɗe ba ƙara ta zo. Wani dattijo, mai mutunci ƙwarai a unguwarsu, ya zo har ofis. Aka kira ni. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, ni boko na kawo ɗana. Ban kawo shi ya zama maroƙi ba. Kuma kai ka san abin da malamai suka faɗa kan kayan kiɗa."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Allah ya huci zuciyarka."

Ban shiga jayayya ba, kuma har gobe ba zan shiga ba. Ni ba mai fatawa ba ne. A garin nan akwai masu bugun mandiri suna zikiri, akwai masu ganin ko tafi bai dace ba, kowa da malaminshi, duk kuma 'ya'yansu suna zaune a benci ɗaya a gabana. Abin da ya yi mani ciwo kalmar maroƙi ce, yadda ya furta ta ba tare da nufin zagi ba, kamar yadda za ka ce wa yaro kada ya taka kashi. Shugaba ya yanke hukunci: ba ganga a lokacin darasi. Wanda iyayenshi suka yarda, ya tsaya bayan an tashi ranar Laraba. Yara 11 suka tsaya makon farko, duk maza.

Na ɗauka an kashe mani darasi. Ashe hanin nan ne zai buɗe mani ƙofar da ban taɓa lura da ita ba. Da aka raba ni da kalangu, ba abin da ya rage a aji sai tafi da murya, su kuwa waɗannan na 'yan mata ne. Yaran da ke zaune a gefe guda cikin hijabi, waɗanda shekara biyu ban ji muryarsu ba sai wajen kiran suna, su ne suka tashi da gaɗa a dandali. Na ce biyu su fito su yi mana tafin gaɗa, aka yi ta noƙe-noƙe, da ƙyar suka fito. Da suka fara, na ce maza su bi. Ba wanda ya kai ƙarshen zagaye na biyu. Ranar ce na fara ganin 'yan mata suna yi wa maza dariya a aji.

Sai lugude. Na roƙi mai sayar da abinci a bakin makaranta ta ara mana turmi da taɓare 3, muka zuba dusa muka fita gindin bedi. 'Yan mata uku suka kama. Ta farko ta saki, ta biyu, ta uku, ba wadda taɓaryarta ta taɓa ta wata. Can ɗaya ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, ta faɗa daidai gurbinta. Akwai wata alama a rubutun kiɗa da na sha wahalar bayyanawa, wadda ke nufin a yi shiru na bugu ɗaya amma a ci gaba da ƙirga. Yara ba su taɓa gane me ya sa za a rubuta shiru ba. Na ce, "Lokacin da taɓarya take sama, kiɗan ya tsaya?" Suka ce a'a. "An ji ƙararta?" A'a. Na zana alamar a ƙasa da tsinke. Ban sake bayaninta ba har suka gama makarantar. Daga nan muka gangara kan kiɗan ƙwarya, yadda ake kifa ƙwarya a kan ruwa ta ba da murya mai kauri, da yadda Barmani Choge ta Funtuwa ta fito da amada daga tsakar gida zuwa bainar jama'a. Da ta rasu a 2013, ɗalibaina mata ne suka riga ni kawo maganar a aji.

Wani ilimin kuma a bakin 'yan Islamiyya na tsince shi, kuma wannan ba uban da ya taɓa kawo ƙara a kanshi. Yaran nan suna rera ƙasidu tun suna ƙanana, karin yana jikinsu, sunanshi ne ba su sani ba. Rubutacciyar waƙar Hausa, tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u, a kan ma'aunan Larabawa aka fi gina ta, waɗanda Khalil ɗan Ahmad ya tsara, kuma duk lissafin gaɓa ne, mai nauyi da marar nauyi. Don kada in taɓa baitin kowa, sai na ƙirƙiro masu nawa na shirme: tuwo ne, miya ce, fura ce, ruwa ne. Gajere, dogo, dogo, har sau 4. Wannan shi ne ma'aunin da ake kira Mutaƙarab cif. Suka yi ta rerawa suna dariya, sai wani yaro mai shiru-shiru, wanda ya yi allo kafin ya shigo boko, ya ɗaga hannu ya ce akwai wata ƙasida da suke yi a makarantar dare mai irin wannan tafiyar. Ya rera, muka auna da tafi, ta zauna daram. Na rubuta gajere da baƙi mai sanda, dogo da fari mai sanda. Ashe abin da ke cikin littafin Turawa da abin da ke bakin almajiri ana iya rubuta su da alli guda.

Wanda ya koya mani abin da ban sani ba sam, wani ɗan aji 3 ne da ke kwana a situdiyon yayanshi. Ba ya rubutu, ba ya kawo aikin gida, kullum yana ƙwanƙwasa benci. Wata Laraba ya zo da tsohuwar kwamfuta ya buɗe FL Studio, manhajar kwamfuta da ake haɗa kiɗa da ita. Na ga 'yan akwatuna 16 a jere, yana kunna wasu yana kashe wasu, ganga tana fita. Na ce mashi wannan ai shi ne gida ɗaya mai bugu 4 da aka raba kowane bugu kashi 4, abin da na ba shi sifili a kai zangon da ya wuce. Ya ce, "Malam, ai da ka faɗa haka." Na kaɗa mashi wani kiɗan mahauta na ce ya zuba a akwatunan. Ya yi ya yi, abin yana ɗingishi. Sai da ya koma raba bugun uku-uku, akwatuna 12, sannan ya miƙe. Amma lanƙwasar muryar kalangu, wannan zamewar daga sama zuwa ƙasa a bugu guda, ya ce sai dai ya ɗauki nawa ya saka. Shi ya nuna wa 'yan ajin cewa baƙaƙen maɓallan fiyano, guda 5 da ke maimaita kansu, sun isa ka lalubo karin waƙoƙinmu da yawa. Ina da ƙorafi a kan kiɗan situdiyo, musamman yadda na'ura ke goge murya har kowa ya koma iri ɗaya. Amma ba zan ce yaron nan bai san kiɗa ba. Kunnenshi ya fi nawa kaifi.

Kada in yi ta yabon kaina, akwai shekarar da na cuci yara. Daɗin turmi da tafi ya ɗebe ni, na yi watsi da littafi. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta zo, ita kuwa ba ruwanta da lugude. Sunayen alamomi take tambaya da Turanci, da layi na nawa ne G. Sakamakon ajin ya faɗi ƙasa da na shekarun da nake sa su kwafa kawai. Shugaba ya ajiye takardar a gabana bai ce uffan ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mani sauƙi. Yaran talakawa ne, takardar nan ita ce za ta bi su, ba jin daɗin da muka yi a gindin bedi ba. Tun daga lokacin na sa wa kaina doka: ba abin da zan rubuta a allo sai an ji shi da kunne, kuma ba abin da za a ji a tashi ba a rubuta shi da sunan da jarrabawa ke kiranshi ba. Yana cin lokaci, ba na gama manhaja da wuri, amma sakamako ya dawo.

Kayan aiki kuwa ba a taɓa saya mana ko ɗaya ba. Gwangwanin kifi da guntun fata da waya, mun yi kuntigi irin wanda Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi. Malamin kimiyya ya zo ya are su, wai ya nuna cewa idan waya ta gajarta murya tana hawa. Da gwamnati ta dawo da tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, makaranta ta wayi gari ba wanda ya iya shi, daga shugaba har mai gadi. Ranar ce kaɗai na ga an aiko a kira malamin kiɗa da gudu.

Sau ɗaya Baba ya taɓa zuwa makarantar. Na yi wata uku ina roƙo. Ya zo wata Laraba cikin babbar rigarshi ta Sallah. A lokacin masu tsayawa sun haura 30, har da mata. Na jawo mashi kujerar malami, ya ƙi, ya ce makaɗi ba ya kiɗa a kan kujera. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya saɓa kalangu. Yara suka gaishe shi, "Sannu da zuwa, Baba," ya amsa yana kallon ƙasa. Bai yi jawabi ba. Ya ce kawai zai yi masu taken mutanen da, su saurara. Ya yi na farko, ya faɗi ma'anar da baki, ya sake kaɗawa, yara suka fara jin kalmomin a cikin fata. Ya yi na biyu. Yana shiga na uku, wani ɗan ƙaramin yaro a layin tsakiya ya miƙe tsaye zumbur, kamar an tsikare shi. Baba ya tsaya.

"Kai ɗan gidan wa ne?"

Yaron ya faɗi sunan kakanshi.

"Ai na sani. Wa ya gaya maka takenku ne?"

"Kakata take yi mani da baki, Baba, in na ƙi tashi da safe."

Baba ya gyara tsayuwa ya sake sakin taken, wannan karon da ƙarfi, kamar a kwata. Yaron bai san kirarin ba, sai ya ɗaga hannu ɗaya sama ya tsaya a haka har aka gama. Da za a tashi ya zo ya laluba aljihu ya ciro naira 20, kuɗin tara ɗinshi. Na yunƙura zan hana, Baba ya harare ni. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya yadda ake yi wa manya.

Yanzu hannunshi yana rawa, ya daina fita. Kwata ma ba a neman makaɗi kamar da, kowa da waya a aljihu tana yi mashi kiɗa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan je in ajiye wayata a kan buzu in ɗauki take ɗaya ko biyu, ya kaɗa, ya faɗi mai shi, ya faɗi ma'ana, ni kuma in rubuta hawa da saukar a littafi don 'yan Laraba. Mun kai 43. Makon jiya na tuna mashi da wani da nake ji ina yaro, na wani mahauci mai faɗin ƙirji da ke ba ni ƙashi mai ɓargo. Na yi mashi farkon da baki.

Ya ce, "Na san shi. Ba zan kaɗa ba."

"Don me, Baba?"

"Ya rasu bai bar kowa a sana'ar ba. In na kira, wa zai amsa?"

Na ce ai don ajiya ne, don yara. Ya yi shiru yana murza tsarkiya da yatsa. Can ya turo mani kalangun da ƙafa.

"Kai ka ci ɓargonshi. Kaɗa in ji."